Auna iskar rana da kunne: fashin baƙi kan hayaniyar ilektiron a sararin samaniya

Akwai wani dattijo mai gyaran rediyo a wani lungu da ke yankin Terminus a nan Jos, wanda tun ina firamare ake aikena wurinsa da rediyon mahaifinmu duk lokacin da ya ƙi magana. Shagon bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. A kan teburinsa akwai dalma, da ƙarfen liƙi da yake ɗorawa a garwashi idan an ɗauke wuta, da tulin matattun rediyoyi da yake cirar kayan gyara a jikinsu. In ya gama aiki ba ya fara neman tasha. Sai ya murɗa ya tsaya tsakanin tashoshi biyu, inda babu mai magana, ya kara kunne yana sauraron shuuu ɗin nan. Wata rana na ce masa, "Baba, me kake ji a nan, ai ba kowa?" Ya ce, "Yaro, lafiyar rediyo a shuuu ɗinsa ake ji. In ka ji shi ɗif, to ya mutu."

Sai da na yi nisa a karatun fiziks na gane zurfin maganar. Wani ɓangare na wannan shuuu daga waje yake shigowa, daga tsawa mai nisa, da janaretan maƙwabta, har da taurari. Wani ɓangaren kuma a cikin rediyon ake haifarsa. Kowace waya cike take da ƙananan ƙwayoyin lantarki da ake kira ilektiron, kuma muddin akwai ɗumi a jikinta ba sa zama wuri ɗaya, kullum cikin kai-komo suke ba tsari. Kai-komon nan yana haifar da 'yar wuta mai hawa da sauka, ita lasifika ke mayarwa shuuu. A 1928 John Johnson na ɗakin binciken Bell a Amurka ya wallafa awon da ya yi wa abin, abokin aikinsa Harry Nyquist kuma ya fitar da lissafinsa: ƙarfin hayaniyar yana bin zafin wayar sau da ƙafa. Ke nan wanda ya iya sauraro zai iya faɗin zafin abu ba tare da ya ɗora masa ma'auni ba. Yawancin injiniyoyi sun ƙare rayuwarsu suna yaƙi da wannan hayaniya. Wasu 'yan tsiraru suka mayar da ita sikeli, kuma da irinta ake auna abin da ke cike da sararin da ke tsakaninmu da rana.

Domin sararin nan ba fanko ba ne. Rana tana da wani farin rawani da ke kewaye da ita, wanda ba a ganinsa sai lokacin cikakken kusufi. Mutanen Gusau da Katsina sun gan shi da idonsu ranar 29 ga Maris 2006. Zafin rawanin ya haura digiri miliyan ɗaya. A irin wannan zafi ƙwayar haidurojin ba ta iya riƙe kanta, sai ta rabe biyu: furoton mai nauyi, mai caji na tabbaci, da ilektiron marar nauyi, mai kishiyar cajin. Cakuɗar nan ita Irving Langmuir ya raɗa wa suna filasma a 1928. Eugene Parker ya lissafa a 1958 cewa rana ba za ta iya riƙe rawaninta ba, dole ya riƙa kwarara waje, kumbon Mariner 2 kuma ya tabbatar da haka a 1962 a kan hanyarsa ta zuwa Zahra. Kwararar nan ita ce iskar rana. Tana wuce mu da gudun kimanin kilomita 400 a daƙiƙa, wani lokaci har kusan 800. Kafin ka ƙifta ido ta share nisan Jos zuwa Abuja. Sai dai sirara ce ƙwarai. A gurbin santimita ɗaya ta kowane gefe, wanda bai kai dunƙulen magi ba, ilektiron 5 zuwa 10 za ka samu. Iskar da muke shaƙa tana da ƙwayoyi sama da biliyan 20 sau biliyan a gurbi irin wannan.

Filasma tana da wata ɗabi'a da duk zancen nan ya rataya a kanta. Idan wani abu ya ture ilektiron gefe, furoton, waɗanda kowane ɗaya ya ninka ilektiron nauyi sau 1836, suna nan inda suke, sai su jawo su. Su kuma ilektiron ba sa tsayawa a tsakiya, sai su zarce, a sake jawo su, kamar lilo. Langmuir da Lewi Tonks sun bayyana wannan lilo a 1929, kuma abin sha'awa shi ne saurinsa bai dogara da komai ba sai cunkoso. Ka ɗauki yawan ilektiron a gurbin nan, ka nemi lambar da in ka ninka ta da kanta za ta ba ka wannan yawan, ka ninka da 9. Abin da ya fito shi ne kaɗawar filasmar a ma'aunin kilohaz, wato dubu nawa take kaɗawa a daƙiƙa. In ilektiron 4 ne, kilohaz 18. In 9 ne, 27. In ka juya lissafin, wanda ya ji kaɗawar ya san cunkoson.

Duk wanda ya taso da sauraron sashen Hausa na BBC ko Muryar Amurka ko Jamus a gajeren zango ya ci moriyar wannan doka, ko bai sani ba. Sama da mu, daga nisan kilomita kusan 100 zuwa ɗaruruwa, hasken rana yana mayar da wani yanki na iska filasma. Da rana tsaka cunkoson kan kai ilektiron miliyan ɗaya a gurbi, kaɗawarsa ke nan wajen megahaz 9, wato kilohaz 9,000. Igiyar rediyon da kaɗawarta ba ta kai wannan ba ba ta iya ratsawa, sai ta dawo ƙasa, wadda ta zo a karkace kuma ko ta ɗara haka tana dawowa. Shi ya sa murya ke tsallako hamada da teku ta sauka a Anguwan Rogo, shi ya sa kuma mitar da ta yi kyau da hantsi take ɓacewa da dare a koma wata. FM kuwa ta yi wa rufin nan sauri, ratsa shi take ta wuce.

Wani zai ce, to me ya hana a kama ilektiron ɗin a ƙirga? Ana kamawa. Kusan kowane kumbon binciken filasma yana ɗauke da wani tarko mai ƙaramar ƙofa da ke tace ilektiron gwargwadon ƙarfinsu da inda suka fito. Matsalar ita ce kumbon da kansa yana ɓata wurin da ya je aunawa. Hasken rana yana dukan jikinsa ya fizge ilektiron daga ƙarfe da fenti, jikin ya ɗauki caji na 'yan bolt kaɗan, sai ya riƙa jawo waɗanda ya saki suna dawowa, yana kuma ƙara wa na waje gudu kafin su iso ƙofar tarkon. Ilektiron ɗin iskar rana kuwa yawancinsu ƙarfinsu wajen na bolt 10 ne kawai, don haka kuskuren bolt 4 ko 5 ba ƙaramin abu ba ne. Ka ɗauka ka shiga kasuwar Farin Gada da motar tumatir, kana son ƙiyasta mutanen kasuwa ta hanyar ƙirga waɗanda ke jikin motarka. Dillalai da 'yan dako za ka ƙirga, waɗanda motar ce ta jawo su, wasu ma yaran motarka ne. Wanda ya tsaya can nesa ya saurari gunjin kasuwar baki ɗaya zai fi ka sanin ko ta cika.

Wannan sauraro daga nesa shi ne hanyar da wata masaniya 'yar Faransa, Nicole Meyer-Vernet ta cibiyar nazarin taurari ta Faris da ke Meudon, ta shimfiɗa tun daga 1979 tare da abokan aikinta. Kayan aikin ba su da yawa: doguwar eriya ta waya biyu, ɗaya hagu ɗaya dama, da rediyo mai kunne ƙwarai. Duk ilektiron da ya gifta kusa da wayar, ko bai taɓa ta ba, yana motsa cajin da ke cikinta. Biliyoyinsu na giftawa, sai a samu wuta mai rawa wadda ba ta wuce 'yan kaso cikin miliyan na bolt ɗaya ba. Rediyon yana bin zango-zango, kamar yadda Baba ke murɗa nasa, yana rubuta ƙarfin shuuu a kowace kaɗawa. Abin da ke fitowa zane ne mai kama da hanya, kuma a nan nake so mai karatu ya ɗan zauna, domin karanta zanen shi ne sana'ar.

Daga hagu, inda kaɗawa take ƙasa-ƙasa, layin yana farawa a sama ya gangaro. Wannan ƙarar waɗanda suka bugi wayar ce kai tsaye, da waɗanda hasken rana ya fizge daga jikinta, kamar ƙanƙarar farkon damina a kan rufin kwano. Ana lissafa ta a cire. Bayan ta sai layin ya miƙe ya shimfiɗu, kuma masana suna kiran wannan shimfiɗa da kalmar da Turawa suka sa wa jiharmu, Filato. A wannan yanki igiya ba ta iya tafiya cikin filasma, saboda haka eriya ba ta jin kowa sai masu giftawa kusa da ita, kuma mafi yawan masu giftawa su ne talakawan ilektiron, masu matsakaicin gudu. Tsayin shimfiɗar yana ba da zafinsu. Daga nan kwatsam sai layin ya yi tsalle ya zama tsini. Gindin tsinin yana daidai kan lilon da muka ambata, shi ne ke ba da cunkoso. Bayan tsinin sai doguwar gangara irin ta Hawan Kibo: ga doguwar eriya, duk lokacin da kaɗawa ta ninka biyu, ƙarfin shuuu ya ragu sau 8, matsayin gangarar kuma yana ba da matsin ilektiron gaba ɗaya.

Abin da ya fi burge ni shi ne awon cunkoson. Ma'aunin ƙarfi yana tsufa, yana buƙatar a riƙa daidaita shi, kuma ba mai hawa sama ya gyara. Amma wurin da tsini ya tsaya a kan zango ba ruwansa da ko rediyon ya ƙara murya ko ya rage. Kilohaz 27 kilohaz 27 ne, ko a sabon akwati ko a tsoho. Shi ya sa ake amfani da wannan awo wajen daidaita tarkunan kama ƙwayoyi masu tsada da ke cikin kumbo ɗaya.

Sharaɗi ɗaya ne mai tsauri. Kowane caji a cikin filasma yana tara kishiyoyinsa kewaye da shi har su rufe tasirinsa bayan wani ɗan nisa, wanda ake kira tazarar Debye. A iskar rana kusa da duniya tazarar ta kai wajen mita 10. Eriyar da ba ta fi wannan tsawo ba tsininta ba ya fitowa sosai. Don haka aka riƙa ƙera masu tsawon gaske: kumbon ISEE-3 na 1978 mita 90 daga baki zuwa baki, Ulysses na 1990 sama da mita 70, Wind na 1994 mita 100, tsawon filin ƙwallo. Wayar ba ta kai kaurin milimita ɗaya ba, kuma juyawar kumbon ce ke miƙar da ita, kamar majajjawa. Ta Wind sau biyu tana tsinkewa, a 2000 da 2002, ana kyautata zaton ƙwayar ƙura ce ta sare ta, aka sake lissafi da guntun da ya rage aka ci gaba da aiki.

Ranar da hanyar ta nuna kanta ita ce 11 ga Satumba 1985. An karkatar da ISEE-3, aka sauya masa suna zuwa ICE, aka tura shi ya ratsa wutsiyar tauraro mai wutsiya Giacobini-Zinner, karon farko da wani kumbo ya kusanci irin wannan tauraro. A tsakiyar wutsiyar ilektiron sun yi sanyi har tarko bai iya ganinsu yadda ya kamata. Eriya kuwa ta ji tsini yana hawa daga 'yan kilohaz gomomi zuwa sama da 200, wato cunkoso ya haura 600 a gurbi, zafi kuma ya faɗo zuwa wajen digiri 13,000. Labarin kumbon Voyager 1 ma ɗan'uwan wannan ne. An harba shi a 1977, na'urarsa ta kama filasma ta lalace tun 1980, don haka da aka yi zaton ya fita daga daular iskar rana babu abin tabbatarwa. A watannin Afrilu da Mayu na 2013 wata girgiza da ta taso daga rana ta iso inda yake ta kaɗa filasmar, eriyarsa ta ji kilohaz 2.6. Don Gurnett na jami'ar Iowa da tawagarsa suka juya lissafin: ilektiron 0.08 a gurbi, ninki goma-goma a kan na gefen daular rana. Da haka aka tabbatar ya tsallake tun 25 ga Agusta 2012. Wancan kaɗawa ce da aka tayar da ƙarfi, amma a 2021 Stella Ocker ta jami'ar Cornell ta gano wani siririn amo da bai yankewa a bayanan kumbon tun daga 2017, wajen kilohaz 3, ba tare da wata girgiza ba.

Na tsallake abu ɗaya a zanen nan da gangan, wato tsawo da faɗin tsinin, domin sai an fahimci rabon gudu zai yi ma'ana. Idan aka ce zafin ilektiron na iskar rana ya kai digiri 100,000, ba ana nufin za su ƙone ka ba, sun yi kaɗan da haka. Ana nufin matsakaicin gudun kai-komonsu ya kusa kilomita 2,000 a daƙiƙa. Amma matsakaici ba ya faɗa maka nawa ne ke tafiyar hawainiya, nawa ne ke tsere. A 1860 James Clerk Maxwell ya fitar da rabon gudu na iskar da ta zauna lafiya: akasari a tsakiya, kaɗan a ƙasa, kaɗan a sama, masu gudun fitar hankali kuma kusan babu. Abin da ke tabbatar da wannan rabo shi ne karo. A ɗakin da kake zaune kowace ƙwayar iska tana karo da 'yan'uwanta sau biliyoyi a daƙiƙa, duk wadda ta fi gudu nan take a raba mata shi.

A iskar rana ilektiron na iya tafiyar da ta kusa nisan rana da duniya, kilomita miliyan 150, kafin karo ya karkatar da shi. Sannan karon masu caji ba adalci gare shi ba. Mai tafiya a hankali yana daɗewa kusa da wanda ya gifta, sai a ja shi a karkatar. Mai sauri ya wuce kafin a riƙe shi. In gudu ya ninka biyu, nisan da za a yi ba karo ya ninka 16. Saboda haka masu jinkiri suna bin dokar Maxwell, masu sauri kuma ba mai hukunta su.

Awon da aka yi tun shekarun 1970 ya nuna jama'a uku. Akwai gungu, kashi 90 cikin ɗari ko fiye, masu bin Maxwell. Akwai zobe, 'yan kaso kaɗan masu zafi ninki da yawa, suna tafiya ta kowace fuska. Sai kibiya, waɗanda ke fitowa daga wajen rana a jere, suna bin layin maganaɗisu. Kumbunan Helios biyu na Jamus da Amurka, na 1974 da 1976, su suka fito da su fili, shi ya sa har yau ake kiransu da kalmar Jamusanci, strahl, wato tsirkiyar haske. Don kwatanta wannan doguwar jela ta masu sauri, ana amfani da wani rabo da Vytenis Vasyliunas ya shigo da shi a 1968, mai lamba ɗaya da ake kira kappa. In lambar ta yi girma, rabon ya koma na Maxwell. In ta yi ƙasa, jela ta yi kauri, kuma a iskar rana yawanci tsakanin 2 da 6 ake samunta. Bambancin ba na wasa ba ne: a gudun da ya ninka matsakaici sau 5, kappa ta 3 tana ba da ilektiron ninki miliyoyi a kan abin da Maxwell ya yarda da shi.

Yanzu mu koma ga tsini. Ilektiron mai tafiya yana barin igiya a bayansa, kamar kwale-kwale a kan ruwa, amma ba ya iya tayar da igiya sai wadda gudunta ya yi daidai da nasa. Igiyoyin da ke daf da gindin tsini masu tsananin sauri ne, gungu ba ya iya cim musu. 'Yan jela kaɗai ke tayar da su. Don haka tsawon tsinin da kaifinsa muryar 'yan tsirarun nan ce, waɗanda ba su kai kashi 10 cikin ɗari ba. Zane ɗaya, shimfiɗarsa ta gungu, tsininsa na masu tsere.

Me ya sa ake damuwa da su? Domin su ke ɗauke da zafin rana zuwa waje, kuma watakila suna da hannu a cikin tsohuwar tambayar nan: yaya fuskar rana take digiri 5,500, rawaninta da ke nesa da wutar kuma ya haura miliyan? A 1992 Jack Scudder ya kawo wata amsa da za a iya gani a Dutsen Shere. Ka tara ɗalibai ɗari a gindin dutsen ka ce su hau. A ƙasa akwai mai ƙarfi da rago. A tsakiya an ragu. A ƙololuwa 'yan kaɗan ne, kuma duk ƙarfafa. In ka auna matsakaicin ƙarfi a sama za ka ga ya fi na ƙasa, alhali ba wanda aka ba abinci a hanya, dutsen ne ya tace. Lissafi ya nuna cewa in rabon na Maxwell ne, gajiyar hawa tana cinye ribar tacewar daidai wa daida, zafi ya zauna yadda yake. In akwai jela mai kauri, zafi yana ƙaruwa da hawa. Kuma an ga haka da kunne. A Fabrairun 1992 Ulysses ya ratsa zoben filasmar da Io, ɗaya daga cikin watannin duniyar Jupita, ke zubarwa kewaye da ita, daga arewa zuwa kudu. Hayaniyar eriyarsa ta nuna cewa duk sa'ad da aka yi nisa da tsakiyar zoben, cunkoso na raguwa, zafi na ƙaruwa. Game da rawanin rana dai har yanzu masana na jayayya, da yawansu sun fi karkata ga igiyoyin maganaɗisu da ƙananan fashe-fashe. A ganina tacewar ba ta isa ta ɗauki nauyin duka ba, amma duk bayanin da ya yi kamar jelar ba ta nan, ya gina a kan rabon da ba shi ake aunawa ba.

Kumbon Parker, da aka harba ranar 12 ga Agusta 2018, an aika shi ne ya je kusa da tushen. Ranar 24 ga Disamba 2024 ya wuce kilomita miliyan 6.1 daga fuskar rana. Eriyoyinsa huɗu mita 2 kacal kowace, kuma sun wadatar, domin a can cunkoso ya kai ɗaruruwa zuwa dubbai, tazarar Debye ta tsuke, tsini ya koma ɗaruruwan kilohaz. Yawancin sauran na'urori suna fakewa a bayan garkuwar zafi, eriyoyin nan kuwa a rana tsirara suke, don haka aka ƙera su da gaurayen ƙarfen niyobiyam, wanda ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 2,300. Ɗan Jos ya san asalin wannan ƙarfe ko bai san sunansa ba. Shi ake cirewa daga kolambait, baƙin yashin nan da ke fitowa tare da kuza, wanda a shekarun 1950 tudun nan namu ne ke ba duniya mafi yawansa. Yau Brazil ce ke riƙe da kasuwar, mu kuma aka bar mana kududdufai a Bukuru da Barikin Ladi.

Abin da Parker ya tarar kusa da rana shi ne zobe ya kusa ɓacewa, kibiya ce ke da rinjaye a cikin masu sauri. Wannan ya dace da abin da Helios da Ulysses suka nuna tun da farko, cewa in ana nisa kibiya na raguwa, zobe na ƙaruwa, kamar ana warwatsa ta ne a hanya. Karo bai isa ya yi wannan aiki ba, don haka ake zargin wasu igiyoyi na lantarki da maganaɗisu. A nan kuma iyakar sauraro take. Eriya tana jin yawa da zafi da kaurin jela, amma ba ta da kaifin bambance wanda ya fito daga gabas da na yamma. Wannan aikin tarko ne. In rana ta yi aman rediyo, ko injinan kumbon kansa suka yi ƙara, shuuu ɗin kan nutse. Kunne da tarko tare suke tafiya, kowane yana gyara ɗan'uwansa.

Mu a nan ba baƙi ba ne a harkar filasma. Layin tsakiyar maganaɗisun duniya ya ratsa ta Najeriya, sama da mu akwai kogin lantarki da ke gudana da rana, wanda Farfesa Cyril Onwumechili ya yi suna a duniya da nazarinsa tun yana Ibadan. Bayan magariba kuma filasmar samanmu kan yi kumfa ta rikita saƙon GPS. Muna da hukumar sararin samaniya tun 1999, hedikwatarta a Abuja, da cibiyarta ta nazarin hotunan tauraron ɗan'adam a nan Jos. Abin da ke damuna shi ne duk hirarmu ta sararin samaniya ta tsaya kan sayen tauraro da harba shi. Bayanan Wind na shekara 30 suna nan a rumbun NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, kyauta, ba sa buƙatar roka, sai kwamfuta da data da wanda zai zauna da ɗalibi. Na ga ɗalibai masu kaifin kai an ba su aikin kammala digiri na kwafe-kwafe, alhali da wata uku za su iya karanta iskar rana da kansu.

Zangon karatun da ya wuce na gwada da wata ɗaliba. Na buɗe mata zane ɗaya na Wind a kwamfutata, batir saura kaɗan, na ce ta nuna min tsini. Ta sa bakin biro a kan gilashin, ta bi layi zuwa ƙasa, ta ce 25. Na ce ta raba da 9, ta ninka abin da ya fito da kansa. Ta danna a wayarta, 7.7 ya fito. Ta ɗago ta ce, "Malam, shi ke nan? Ilektiron kusan takwas ke nan a wurin?" Na ce haka ne, a nisan da ya ninka nisan wata daga duniya, a ranar da aka ɗauki awon. Ta yi shiru tana kallon zanen, sannan ta matsa zuwa na sa'a ta gaba, inda tsinin ya fi tsawo ya kuma fi kaifi alhali bai gusa daga 25 ba. Ta ce, "To wannan fa, Malam, yawansu bai canja ba, me ya ƙaru?" Na jawo takarda na zana mata gungu da jelarsa, muka fara daga nan.